Awa Biyar da Kunya Uku

Jiya da hantsi na tarar da maƙwabcina Bappayo a gonarsa ta bayan Kagarawal, yana tsaye yana kallon kunya uku na auduga da aka tsince tas. Ba ɓarawo ba ne ya tsince. Inuwa ne, mai gonar da ke maƙwabtaka da tasa, kuma da rana tsaka.

Shekara goma sha biyu ke nan suna rigima a kan kunyoyin nan, ko gaisawa ba sa yi. Bana sai Bappayo ya sayar da shanunsa ya biya kujerar Makka. Wani Mai Girma, Allah ya ƙara masa rawani, ya tara maniyyata ya ce daga Kano zuwa Jidda mil dubu biyu ne da ɗoriya, amma albarkar man fetur, awa biyar kacal jirgi zai yi. Bappayo ya ji abin ya ba shi tsoro. Kakansa shekara uku ya yi a kan jaki kafin ya isa. Duk abin da zai cinye shekara uku cikin awa biyar, in ji shi, ba a shigarsa da haƙƙin wani a wuya.

Saboda haka ya bi gida gida yana neman gafara, har ya kai ga Inuwa. A gaban liman ya ce, "Malam Inuwa, kunyoyin nan na bar maka duniya da lahira." Har hawaye suka yi, mu ma muka taya su.

Motar Kano ta kwana biyu a layin mai. A Kano kuma Bappayo ya shimfiɗa tabarma a filin jirgi ya yi kwana goma sha tara yana kallon sama. Kullum jirgi na zuwa gobe. Ranar da jirgin ya zo, sai aka duba takarda aka ga kujerar Bappayo ta koma ta mai dafa wa Mai Girma abinci. Ai kuwa da gaskiyarsu: wa zai so bawan Allah ya yi awa biyar cur a sama babu farfesu? Wannan ce tafiyar Mai Girma ta bakwai, duk don ya tabbatar mana da cewa awa biyar ɗin ce.

Bappayo ya dawo ba Makka, ba shanu. Na ji tausayinsa ƙwarai, don dambun naman guzurinsa ma a Kano ya ƙare.

Muna tsaye jiyan sai ga Inuwa da buhu a ka.

"Sannu da sauka, Alhajin Kano."

"Malam Inuwa, kyautar nan fa ta matafiyi ce, ni kuwa ban tafi ba."

"Duniya da lahira ka ce, Malam Bappayo. Ban ji ka ce sai in jirgi ya tashi ba. Mu je wurin liman in kana shakka."

Bappayo ya juya ya ci gaba da kallon kunyoyin, don ya san abin da liman zai faɗa.

Yau da safe muka ji labarin Mai Girma ya yi alkawarin baɗi za a kawo jirgin da zai yi tafiyar cikin awa huɗu. Na kai wa Bappayo albishir. Ya ce zai sake nema in Allah ya kai mu, amma wannan karon ba zai yafe wa kowa komai ba sai ya leƙa taga ya ga Kano a ƙasa.