Malam Namadi da Kofin da Ya Ƙetare Iyaka

Allah ya yi wa Bagudo baiwa mai yawa. Ya ba ta kogin Kwara yana wucewa a hankali kamar mai jin nauyin mutanen gari, ya ba ta fadamar shinkafa, ya ba ta giginyu masu tsaye suna gadin sararin sama. Da ya ga har yanzu da saura, sai a shekarar da aka sauke tutar Turawa ya cika mata da Malam Namadi.

Malam Namadi mutum ne da ya ga duniya. Ya taɓa zuwa Kaduna rakiyar wani ɗan'uwansa asibiti, kuma a kan hanyarsa ta zuwa tasha ya leƙa ta ramin shinge, ya ga 'yan makaranta suna kora ƙwallo da sanduna masu lanƙwasan kai. Aka ce masa sunan wasan hoki. Leƙen bai kai tsawon shan ruwa ba, amma akwai kawunan da leƙe ɗaya yake isarsu. Tun daga ranar ba ya buɗe baki sai ya fara da "mu a Kaduna", har mata masu sayar da kifi suka raɗa masa suna Mu-a-Kaduna. Shi kuwa ya fi son a kira shi Shugaban Hokin Mata na Ƙasa, Reshen Bakin Iyaka. Shi ya naɗa kansa, kuma ba a sami wanda ya yi takara da shi ba.

Hokin kansa wata ce ta kawo shi. Malama Saratu ce ta koyo shi a makarantar horon malamai, ta sa masassaƙin da ke yin ƙotar fartanya ya fere wa ɗalibanta sanduna. Kullum da la'asar suna can bayan makaranta suna ta ƙwal-ƙwal. Malam Namadi bai taɓa zuwa ba. Rana tana ɓata hula, kuma shugaba ba ya tsayawa cikin yara. Aikinsa ya fi wannan nauyi: yana zaune a rumfar mai shayi yana bayyana wa masunta dabarun wasan da cokali da ƙwayar sukari.

Sai labari ya zo cewa wani babban jami'in wasanni daga Kaduna zai biyo ta lardin, yana neman dattijo mai kamala da zai jagoranci ƙungiyar hokin mata ta ƙasa zuwa gasa a ƙasar waje. Malam Namadi ya ji, ya san da shi ake. Kafin kasuwa ta sake ci ya sayi akwatin ƙarfe mai zanen furanni, da wani kwat mai kauri na gwanjo, saboda sanyin Turai. Ya riƙa sa shi da rana tsaka don jiki ya saba, gumi yana bin gemunsa. Ya yi wa matarsa alkawarin agogo. Ya yafe wa maƙiyansa a bainar jama'a, domin mai hawa jirgin sama bai kamata ya tafi da kowa a zuciya ba.

Saura abin da zai nuna wa baƙon. A ƙetaren iyaka, cikin Dahome, taubashiyar Malama Saratu mai suna Batulu ita ma tana koyar da 'yan mata wasan. Malam Namadi ya shirya karawa, ya sa mai shela ya zaga gari.

"Ku faɗa wa jama'a," in ji shi, "wanga ba wasan yara ba ne. Ƙasa ce za ta kara da ƙasa. Mu a Kaduna, irin wanga rana ko shanu ba a kai wa kiwo."

Hukumar gari ta ba da kofi, ta kuma ba da bandir na yadi kore da fari don a ɗinka wa 'yan wasa riguna. Malam Namadi ya shafa yadin, ya ɗaga shi a rana, ya yi dogon tunani irin na masu kishin ƙasa. Ya gane cewa tuta ba ta kyau a yayyanka ta ƙanana. Ya kai wa tela, aka ɗinka masa babbar riga har ƙasa, da wando, da hula, abin da ya saura aka naɗe masa sirdin keke.

Abin da shugaban bai sani ba, domin ba a tattauna irinsa a rumfar shayi, shi ne iyakar nan da Turawa suka ja ta bi ta tsakiyar dangi ɗaya ne. 'Yan matan can da na nan 'ya'yan wa da ƙane ne. A makon nan ake bikin 'yar'uwarsu Hamsatu a garin Kende, kuma duk sun yi anko, atamfa ɗaya, mai ruwan goro da zanen ganye. Da rigunan gwamnati suka ƙi zuwa, kowace ta ɗaura ankonta ta tamke ɗamara. Baƙin ma daga gidan bikin suka taho. Su bai dame su ba. Wadda kuka yi wasan gaɗa tare tun kuna tatata ba sai an sa mata riga za ka gane ta ba.

Ranar wasa filin ya cika. Aka ajiye wa baƙon Kaduna kujera a inuwar tsamiya, Malam Namadi ya zauna kusa da shi yana kaɗawa kamar tutar ofishin hakimi. 'Yan mata suka shigo, zane ɗaya, kallabi ɗaya, suka rabu gida biyu.

Baƙon ya gyara tabarau. "Malam, waɗanne ne namu?"

Da ƙaramin mutum ne, da sai ya tambayi Malama Saratu, ga ta nan tsaye da usur a baki. Malam Namadi ba ƙaramin mutum ba ne. Ya duba hagu, ya ga ƙanana, sirara. Ya duba dama, ya ga dogaye masu faɗin kafaɗa. Ya nuna dama da haɓa.

"Ga ɗiyana can, ranka ya daɗe. Dubi tsayi. Da hannuna na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya. Ko cikin duhu na san tafiyar kowace."

Aka busa. Sanduna suka fara magana. Ƙananan nan suka zama tsuntsayen shinkafa, ka kore su nan su sauka can. Wata 'yar baƙa mai tsagen goshi ta ɗauki ƙwallo ta ratsa dogayen kamar kwalekwale cikin ciyawar ruwa, ta jefa a raga. Fili ya ɗauki guɗa. Malam Namadi ya ji mutanen Bagudo suna murna, ya girgiza kai.

"Ka ga halin mutanenmu, ranka ya daɗe. Karamci ya yi musu yawa. Har baƙo ya ci su suna yi mai guɗa."

Yarinyar ta sake jefawa. Guɗa ta ƙaru. A zuciyar Malam Namadi, jirgin sama ya fara tashi ba tare da shi ba. Ya ga akwatin, ya ga kwat, ya ga maƙiyan da ya riga ya yafe wa a banza. Da usur na ƙarshe ya tashi, shi ma ya tashi, ya rungumi kofin, ya taka zuwa tsakiyar fili.

"A dakata. Ni ne shugaba, kuma ban yarda ba." Ya juya ga ƙananan da suka ci. "Na san irinku. Ɗiyan masu fasa-ƙwauri, an saba bin dare da kaya, yau an zo a bi da ƙwallo. Wagga mai tsage, a duba ɗamararta, akwai laya. Mu a Kaduna, ci irin wanga soke shi ake yi. Na soke."

Malama Saratu ta matso. "Malam, ka bari in..."

"Malama, ana maganar ƙasa."

Ya nufi dogayen, ya ɗora wa babbarsu kofin a hannu, ya ce tarihi zai tuna da su, ya ce guminsa ne ke gudana a jikinsu. Batulu ta dubi taubashiyarta. Tsakanin taubasai, abin da ya faɗo hannunka ya zama naka, kuma a yi ta yi maka gori da shi har tsufa. Ta durƙusa ta yi godiya da ladabi, ta ce Allah ya ƙara wa shugaba gani. 'Yan matanta suka ɗora kofin a ka, suka kama hanyar yamma da waƙa.

Baƙon ya taso, ransa bai so yadda aka yi wa baƙi ba. Ya tsaya gaban mai tsagen goshi don ya ba ta haƙuri.

"Yarinya, kin yi wasa. Daga wane gari kike a Dahome?"

Ta share gumi da bakin kallabi. "Ni Jummai ce, ɗiyar Ango mai jirgin fito. Katangarmu ɗaya da Baba Namadi." Ta dube shi. "Baba, ko da sahe ni na miƙa ma kunu. Mi na yi ma?"

Malam Namadi ya buɗe baki. "Mu a..." Kadunar ta maƙale.

Wani ya ce a bi su a karɓo. Baƙon ya hango kofin yana ƙyalli a kan hanya, rana tana faɗuwa a bayansa, ya ce ƙasar da ba ta daɗe da samun 'yanci ba ba za ta fara da ƙwace kyauta daga hannun maƙwabta ba. Ya tambayi Malama Saratu ko iyayen Jummai za su bar ta ta zo gwaji. Malam Namadi kuwa, baƙon ya yaba masa ɗinkin rigarsa kawai, ya shiga mota.

Har yau in ka zauna a rumfar shayi zai gaya maka shi ne mutum na farko a lardin nan da ya fitar da kofi ƙasar waje, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Kofin yana can, ana ɗiban fura da shi in an yi baƙi daga Bagudo. Akwatin mai furanni yana nan ƙarƙashin gado, matarsa tana zuba daddawa a ciki.