Rasuwar Shuɗiya, Laimar Asger ta Ƙarshe

Da zuciya mai nauyi, cike taf da baƙin ciki, ƙungiyar masu hawan allo a kan ruwa ta garin Hvide Sande ke sanar da 'yan uwa da abokan ruwa rasuwar Shuɗiya, laimar iska ta dattijonmu Asger Thygesen. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce a tsakiyar tafkin Ringkøbing, tana hannun mai ita, bayan doguwar jinyar da ya yi ta ɓoyewa.

Marigayiya ba ta da girman jiki. Yadi ne mara nauyi da siraran igiyoyi da ɗan sandan riƙewa, in aka dunƙule ta ba ta fi burodi ba. Amma ita ke cika da iska ta ja Asger, da shi da tumbinsa, har allonsa ya rabu da ruwa ya tsaya a kan ƙarfen nan mai fiffike da ke ƙarƙashinsa. Da ta gama wannan aiki sai ya tattaro ta ya cusa a jakar da ke ɗaure a cikinsa, ya bi raƙuman ruwa shi kaɗai, mutanen gaɓa suna ta yaba shi. Ba ta taɓa neman a ambace ta ba. Iyakar maganarta “fat!” idan ta buɗe, sai wani siririn “fiiii” da igiyoyinta ke yi in iskar yamma ta kankama.

Wanda ya san gidan ya san abin da ya sa wannan rashi ya fi na sauran laimomi ciwo. Shekarar da Asger ya saye ta, zuciyarsa ta yi masa gardama har aka kwantar da shi a asibiti. Matarsa Bodil, wadda tun tana amarya take haƙuri da jiƙaƙƙun kaya a banɗakinta, ta zauna a bakin gadon ta ce, “Ka ji ni da kyau, tsoho. Wannan shuɗiyar ita ce ta ƙarshe. Ranar da ta mutu ka gama da ruwa, ba saye, ba aro.” Ya ba ta hannu a kan haka. Mutanen gaɓar nan kuwa in sun ba da hannu, magana ta ƙare.

Tun daga ranar ko jariri bai ga gatan da Shuɗiya ta gani ba. Ya ɗauraye mata gishiri da ruwan famfo, ya shanya ta a inuwa, jikokinsa ko taɓa ta ba sa yi. Ta yage a shingen waya aka ɗinke, igiya ta tsinke aka sauya. Mai ɗinkin kuwa, mu faɗa kowa ya ji, Bodil ce da kanta, a kan kekenta na ɗinki, tana yi tana mita.

Sai dai rana da gishiri ba su san lallashi ba. A bana yadin ya saki, “fat” ɗin nan ya koma “fuu” kamar numfashin mai mura. Asger ya ɗora laifin a kan iska, ya ɗora a kan allo, har kek ɗin Bodil, wai shi ke ƙara masa nauyi, bai tsira ba. Mu ma muka taya shi ƙaryar, don mun san abin da gaskiyar za ta raba shi da shi. Ranar Lahadi iska ta zo yadda ake so, matasa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bar shi a baya. Ya ɗaga ta, ta cika rabi, ta faɗa ruwa. Ya sake, ya kuma sakewa, har hannuwansa suka mutu. Wani masunci ne ya kawo su gaɓa, Asger yana rawar sanyi, ya rungume ta a ƙirji.

A nan muka yi mata gwajin da aka saba yi wa laima: a manna baki a yadin a hura. In iska ta tokare akwai sauran rai, in ta wuce shi ke nan. Amininsa Ejnar ya hura, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, “Anya ba kan ɗinki bakina ya faɗa ba, mutumina? A ba wani ya gwada.” Babu wanda ya miƙo hannu. Bodil ce ta ajiye filas ɗin kofi ta karɓa. Ta hura a tsakiya, ta hura a gefe, ta juya ta nemi inda rana ba ta ci ba ta sake hurawa. Ko'ina iska wucewa take kamar a rariya. Duk muka zuba mata ido, har da Asger, ko za ta ce a bar zancen alkawari. Idanunta suka ciko, ta ce, “Da allura tana gyara irin wannan, Asger, wallahi da na gyara maka.” Amma ba ta ɗage masa alkawarin ba. Shi ma bai roƙa ba, kuma wannan ne ya fi karya mana zuciya.

Marigayiya ta bar allo guda, wanda yanzu ke jingine bayan injin yankan ciyawa, da ƙarfensa da ko ƙarcewa bai yi ba. Ta kuma bar Asger, lafiyarsa ƙalau in ji likita, wanda har yau da ya farka bishiyar maƙwabci yake fara leƙawa ya ga ina iska ta nufa. Allah ya ba shi haƙuri.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a inda muke shiga ruwa. Za a sauke tutar ƙungiya zuwa rabin sanda, a naɗe marigayiya a jakarta, a rataye ta a bangon ɗakin ajiyar kaya. Akwai kofi da kek. Iyalan na roƙon kada a kawo furanni, kada kuma wani ya ɓoyo laimar aro a bayan mota, an riga an gano Ejnar. Masu niyyar bin iska zuwa garin Ringkøbing bayan an tashi su ba Asger busassun kayansu, domin daga yanzu shi zai riƙa zagayawa da motar ƙungiya ya jira ku a can ƙetare. Abu ɗaya ya ce a roƙa masa: in kun fito, ku shiga mota kawai, kada ku gaya masa yadda ruwan yake.