Haƙorin da ya faɗa cikin fura

Ba zan taɓa mantawa da bikin da muka je garin Maigatari ba, ko da haƙoran da suka rage mini za su zube duka.

Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, ni ce mai guɗa a unguwarmu a Gumel. Sai haƙorina na gaba ya yi kogo. Na ga wata Hajiya ta dawo da haƙorin Makka yana walƙiya, raina ya biya. Na ɗauki tsohon zobena na kai wa maƙerin fari, mai ƙera kayan azurfa, ya juya shi ya ce, "Iya, wannan rabinsa tagulla ce." Na rantse masa azurfa ce tsantsa (ban san komai a kan azurfa ba). Ya gaji da ni, ya narkar da zoben ya cike kogon, ya lulluɓe haƙorin.

Kafin damina ta fita, komai na ci sai in ji kamar na lashi fartanya. Dasashina ya yi kore-kore, ya kumbura, harshena ya yi gyambo, ga wari. Maimakon in nemi magani sai na ƙara cin goro da furen taba don ja ya rufe.

Ranar bikin muka kai amarya, uwar ango ta fito da ƙwaryar fura a hannu. Na matso gabanta, na kama hanci na rangaɗa guɗa iya ƙarfina. Sai ji na yi wani abu ya fice, tsulum cikin furar!  Uwar ango ta tsamo shi, ashe haƙorin ne, baƙi ƙirin da tsatsa. Wata ta ce, "Kai, Makka ta dawo gida!" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Uwar ango kuwa ba ta yi dariya ba. Ta kama haɓata ta ce, "Buɗe in gani, 'yar nan." Tana leƙawa ta yi salati, ta aika a kira wanzami. Ya cire ragowar, ya matse ruwan ciwon, ya ce da na ƙara jinkiri da ya ci ƙashin muƙamuƙi.

Har yau ina yi wa matar nan addu'a. Da giɓina nake guɗa yanzu, kuma na gane cewa masu biki ba su taɓa zuwa kallon bakina ba, murya suke so.