Rasuwar Gawwasa, Injin Ruwan Gidan Malam Lurwanu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi kwanciya, Malam Lurwanu Isah na unguwar Harra ta Yamma a Madina yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Gawwasa, injin da ke nutse a tankin ƙasa na gidansa yana tura ruwa sama. Ta cika ranar Talata bayan La'asar, tana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki.

Malam ne ya raɗa mata wannan suna, wanda Larabawa ke kiran jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku da shi. Shi mutum ne mai karance-karance, kuma ya sha karanta cewa irin jiragen nan masu aiki da nukiliya sukan yi shekara talatin ba a sake musu makamashi ba. A ganinsa marigayiya ta fi su. Ba ta taɓa farautar jirgin kowa ba, ba ta taɓa leƙowa sama neman yabo ba. Maganarta duka ba ta wuce "gurrr" idan an kunna ta, da "tik" idan tankin sama ya cika.

Babban aikinta shi ne ciyar da barradar ƙofar gida, na'urar ruwan sanyin da Malam ya kafa sabil, wato sadakar ruwan sha, don ladan ya isa ga matarsa, marigayiya Halimatu Sa'adiya. Shekara uku masu shara da direbobi suna sha suna yi mata addu'a. Yau kwana huɗu ke nan suna murɗa famfo su wuce.

Ciwon ajalin Gawwasa ya fara da tari. Malam ya ɗauke ta zuwa titin Sultana, shago shago, kowa ya juya ta ya ce an daina ƙera irinta, ya sayi sabuwa. Wani ma ya tambaya ko daga gidan tarihi aka fito da ita.

Nan karatu ya yi masa rana, a zatonsa. Ya tuna cewa ko manyan ƙasashe, idan kayan gyara ya yi wuya, sukan kwance na wani jirgin su ɗaura wa ɗan'uwansa. Ya bi unguwa har ya samo tagwaiyarta a Aziziyya, yashe a bayan wani gida, ya kai su biyun wurin Ɗan'inna mai gyara. Ɗan'inna ya ce tsofaffin gidajen Madina wuta biyu ne da su, mai ƙarfin ɗari da goma da mai ƙarfin ɗari biyu da ashirin, a bari ya duba na wace ce wannan kafin ya haɗa.

"Ya Ustaz, isbir shwayya mana," in ji shi, wato ya ɗan yi haƙuri.

"Haɗa kawai, Ɗan'inna. Na karanta abin da ya fi wannan."

Tagwaiyar ta ƙaramar wuta ce. Gidan Malam na babba. Marigayiya ta yi "gurrr" sau ɗaya, da ƙarfin da ba a taɓa ji ba, sai ƙauri.

Ta bar tankin sama, wanda yanzu tattabaru ke leƙawa, da barrada, da kofuna biyu ɗaure da sarƙa, da mai gidan da ya san nisan da jirgi ke nutsewa amma bai san wutar bangonsa ba.

Za a miƙa gawar ga mai sayen tsohon ƙarfe ranar Asabar da hantsi. Babu zaman makoki. Mai ta'aziyyar da ya zo da "ai da ka saya sabuwa" ya tsaya a waje. Za a saya, a ranar ma, don ƙishirwar mutane ba ta jiran zuciyar Malam ta huce.

Sabuwar, an ce, ita ke kunna kanta. Tsohuwar kuwa sai an sauka matakala goma sha tara an ɗaga makunni. Sa'adiya ce ke sauka kowace safiya, da ciwon gwiwarta, shekara goma sha ɗaya, shi yana zaune da littafi yana jiran ruwan shayi. Sai da aikin ya dawo kansa ya ƙirga matakalar. Bai taɓa ce mata sannu da aiki ba.