Tawada a Goshi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je jarrabawar neman aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Garwa ba. Magatakarda suke so mai jin Ingilishi, saboda direbobin da ke zuwa daga Yola. Ni kuwa da Faransanci na yi boko. Abin da ya fi ba ni wahala 'yan mitsi-mitsin kalmomin Ingilishin nan ne, su “in” da “on” da “at”. Mako uku ina haddarsu, wallahi kullum sai su rikice mini.

Kawuna, mahauci a babbar kasuwa, shi ya yi ta zirga-zirga har aka sa sunana. Ya ma riga ya gaya wa abokan sana'arsa cewa ɗan ƙanwarsa ya kusa zama ma'aikacin ofis.

Da safe na ɗauki biro na cika tafukana biyu da amsoshi (ni da nake jan salla in liman bai zo ba, ku ji fa!). Na dunƙule hannuwa na hau bayan babur ɗin Kawu. Zafin Garwa kuwa, kafin mu isa tafukan sun jiƙe sharkaf.

A bakin ƙofa Kawu ya ce, “Ɗaga hannu, ɗana, mu roƙi Allah.” Na ɗaga, ina karkatar da su kada ya gani. Ya ja addu'a doguwa, har da Allah ya raba ni da haram, ya ce Fatiha. Na shafa, shafa ta gaske, daga goshi har haɓa. Ya juya zai kafe babur, na faɗa ciki da sauri.

Matar da ke kula da jarrabawar ta ƙura mini ido. “Misye, me ya sami fuskarka? Buɗe hannunka.” Na buɗe. Ɗaki ya kwashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta sa aka kira wanda ya kawo ni.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ciro hankicinsa yana goge mini goshi a gaban mutane, sannan a hankali ya ce, “Da wannan hannun ka ce amin?”

Aikin dai ya tafi, kuma na yi wata biyu ban iya bi ta rumfarsa ba. Abin da na koya shi ne, mai niyyar satar amsa kada ya bari a rako shi da addu'a, don tsaf za a karɓa.