Gwajin Ɓeraye a Kan Surukai

Har a sa ni a rami ba zan manta da ranar gaisuwar auren Rifkatu ba, 'yar yayana Bitrus, a gidansa da ke Romi. Ni aka ɗora wa binciken dangin saurayin, a ji ko akwai taɓin hankali a zuriyarsu. (Duk gidanmu an rasa mai wannan aiki sai ni, da na bar firamare don malam ya cika tambaya.)

Saurayin, Yohanna, bincike yake yi a wata jami'a. Na tambaye shi aikinsa, ya ce ɓeraye yake kunna wa ƙara. Wai akwai ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum jin muryoyin da babu su, shi da abokan aikinsa suna son gane yadda ciwon yake shafar ji. Sai a yi wa ɓera ɗan ƙaramin sauti, a biyo da babba. Mai lafiya ya riga ya shirya, ba ya razana sosai. Mai alamun ciwon kuwa sai ya zabura kamar ba a gargaɗe shi ba.

Na ce a raina, ashe abin da ake zuwa jami'a koyo ke nan? To me zai kai ni yawon tambaya har unguwarsu da ake kira Television?

Ranar gaisuwa falo ya cika, Fastonmu na tsakiyar addu'a, kowa ido a rufe. Na lallaɓa bayan baban Yohanna, na ɗan ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi, sannan na haɗa murafen tukunya biyu da iya ƙarfina.

Dattijon ko gezau. (Ashe injinan masaƙa sun daɗe da cinye masa kunne.) Fasto ya yar da tabarau, Rifkatu ta juye zobo a cinyar baƙi, matata ta tsinci kanta a tsakar gida ba takalmi. Duk wanda ya zabura namu ne.

Ina tsaye da murafe a hannu na ce, "Bincike ne."

Gwaggon Yohanna ta dube ni sama da ƙasa, ta juya wurin Bitrus. "Baban Rifkatu, kada ka ji haushi. Wannan abin nasa, gado ne a gidanku?"

Suka tashi ko shinkafa ba su taɓa ba. Rifkatu ta daina gaishe ni. Sai da Bitrus ya bi su har gida, ya rantse musu daga bishiyar mangwaro na faɗo ina yaro, ba a jini yake ba, kafin suka yarda aka sa rana. Ranar biki Yohanna ya raɗa mini, "Baba, ɓerayen ma sai da izini muke taɓa su."

Yanzu in mai ilimi ya yi bayani na ji na gane nan take, sai in nemi kujera in zauna har abin ya sake ni.