Yadda Za Ka Nema Wa Daular Baƙin Ƙarfe Afuwa a Falon Gidanka

Kai da ka wayi gari ka tarar ashe daular da kake yi wa bauta a cikin gem, wasan nan na talabijin, ita ce ta mugaye, matso kusa, share zufarka. Matakai bakwai ne. Wanda ya bi su daki-daki, na ba shi tabbaci ko akurkin kaji ba za a ƙone masa ba. Ba a littafi na karanto su ba. A kan maƙwabcina Mai Walda aka gwada su, ina zaune a kujerar roba ina kallo.

Ga yadda ta faro. Ƙarfe ne ya faɗo masa a ƙafa, aka naɗe ta, aka ce ya zauna a gida. Kwana uku ya ishi kowa. Ya gyara sakatar da lafiyarta ƙalau, ya kwance fanka ya kasa mayarwa. Sai babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya ce amma shi Likita yake kiranta, ta kawo gem ta jona a talabijin ɗin falo, ta miƙa masa rimot ɗaya ta riƙe ɗaya. Aka ce kowa ya zaɓi ɓangare. Ita ta ɗauki Mutanen Tafki, wasu masu dogayen kunnuwa da ke kiwon agwagi suna busa sarewa. Shi kuwa ƙofofin biranen ya ƙura wa ido. Ta Mutanen Tafki kara ce da igiya. Ta Daular Baƙin Ƙarfe kuwa, ya rantse tunda yake bai taɓa ganin haɗin ƙarfe mai tsabta irin nata ba. Can ya shiga, aka ba shi maƙera.

Wata huɗu yana aiki. Ƙafa ta warke, bai daina ba. Duk rubutun da ya fito a allo sai ya danna ya wuce, wai surutu ba aiki ba ne. Ya ɗaga maƙerar nan hawa uku, ya yi wa birni sabuwar ƙofa mai sakata goma sha biyu. Ranar Laraba Likita ta haura katanga da rundunarta ta ci garin. Allo ya kawo maɓalli biyu: ja, a ƙone daula ƙurmus har da maƙera, ba dawowa, shuɗi, a yafe. Ta ɗora yatsa kan ja. Mai Walda ya kurma ihun da ya sa maƙwabta leƙowa. Ta ce to, ta ba shi zuwa Asabar da la'asar ya kawo dalili.

Yanzu ka san inda aka kwana. Buɗe kunnenka.

Mataki na ɗaya: Ka ce ba ka sani ba

Ka faɗa da ƙarfi, kana kallon silin.

"Baba," in ji Likita, "keji ɗari biyu ka ƙera musu."

"Oda aka ba ni."

"Ba ka tambayi abin da za a zuba a ciki ba?"

"Shekara talatin ina walda, ban taɓa tambayar mai ƙofa me zai kulle ba. Na ɗauka kaji ne."

"Kejin kaji mai tsayin mutum? Har da benci?"

"To jimina."

Ka lura da wannan. In an kama ka a kaza, ka hau jimina. Mai kare daula ba ya sauka, hawa yake yi.

Mataki na biyu: Yabi titi

Kowace muguwar daula tana da titi mai kyau. Ban san dalili ba, haka aka halicce su. Ka riƙe wannan kamar igiyar rijiya.

Mai Walda ya ja mutuminsa na cikin gem ya zaga da Likita unguwa-unguwa. Ga kwalta sumul, ko rami ɗaya babu. Ga fitilun kan hanya da macizai masu fuka-fuki ke hura wa wuta kowace yamma, ba a taɓa ɗauke ta ba. Ga kwata, ruwa na gudu kamar an biya shi.

"Dubi kwata, Likita! Ku a garinku in aka yi ruwa agwagi ne ke kwana a gado."

"Wa ya haƙa ta?"

Ta karkata hoton kaɗan. Sai ga masu dogayen kunnuwa jere cikin ramin, kowa da shebur, kowa da sarƙa a ƙafa. Mai Walda ya matso da fuska, ya kanne ido ɗaya. Wani murmushi ya fara tsattsafo masa.

"Kin ga sarƙar nan kuwa, ko da guduma…"

Ya haɗiye sauran. Amma an riga an ji.

Yabi titi, yabi kwata, yabi fitila. Kada ka yabi sarƙa, ko da kai ka ƙera ta, ko da ta yi kyau. Musamman in ta yi kyau.

Mataki na uku: Tono laifin masu kirki

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. An yi wannan magana don a yi wa mutane faɗa, amma kai ka ɗauke ta a matsayin umarni.

Ranar Alhamis Mai Walda ya dawo daga shago da wuri, da takardar siminti a aljihu, ya zana laifuffukan Mutanen Tafki da alli. Jarumarsu, wato Likita, tana shiga gidan mutane ba sallama. Tana fasa tukwane ta kwashe abin ciki, mai gida na tsaye yana kallo. Ta taɓa hawa dokin wani ta tsallaka kogi ta bar shi can. Sannan sarewar nan, safe da yamma waƙa ɗaya.

"Wannan ba zalunci ba ne? Ni da nake maƙwabtaka da ku, kaina ciwo yake."

"Baba, ku kun shanye tafkinmu."

"Aro muka yi."

"Kun dafa agwaginmu."

"Guda nawa?"

"Duka."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In taurin kai ka haifa, kada ka yi mamaki ranar da ya zauna a kujera yana yi maka shari'a.

Mataki na huɗu: Kawo shaida, amma ka fara jin abin da zai faɗa

Ranar Juma'a Mai Walda ya kira ƙanensa, Baffa Direba, ya saya masa lemo mai sanyi, ya zaunar da shi gaban talabijin. Ya ce masa aikinsa ɗaya ne, ya ce daular nan mutanen kirki ce.

Baffa ya kurɓi lemo ya kalli allo. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya, me ya sa sojojinku ke da ƙaho?"

"Ado ne."

"Sarkinku fa, idonsa ja ne ko talabijin ɗin ce?"

"Bai samu barci ba. Mulki da wuya."

"To wannan tutar taku? Ƙoƙon kan mutum ne fa, da ƙasusuwa biyu a gicciye."

Nan Mai Walda ya miƙe tsaye, ransa fes, don ya ga an zo fagensa. "Ka ga jahilci! Wannan ai alamar haɗarin lantarki ce. Ba ka ganinta a jikin turansifoma? Mutanen nan suna kula da lafiyar ma'aikata. Ko'ina sun manna ta, har a hular yara."

Baffa ya shaƙe da lemo. Likita ta zame daga kujera ta kwanta a kafet, tana dukan ƙasa, hawaye na zuba. Har Umma, matar gidan, da ke guga a ƙofar ɗaki, sai da ta ajiye dutsen guga ta riƙe ciki.

Da Baffa ya farfaɗo ya ce, "Likita, ƙone su. Ki fara da mai ƙahon can na hagu, kallona yake yi."

Shaidan da ya sha lemonka kafin ya yi magana ba shi da sauran abin tsoro. Ka riƙe kwalbar sai ya gama.

Mataki na biyar: Kada ka ɓoye rimot

Zuciya za ta raya maka. Mai Walda ya tura na Likita cikin akwatin kayan aiki, ƙarƙashin tabarau na walda, ya sa kwaɗo. Umma ta fito da shi cikin minti huɗu, ba ta ko tambayi mabuɗi ba. Babu maɓoya a gidan da wata ta shekara ashirin da bakwai tana sharewa.

Mataki na shida: In ƙarya ta ƙare, lalubi aljihu ko akwai gaskiya

Wannan mataki da ciwo, shi ya sa na ajiye shi can ƙasa.

Asabar ta zo, la'asar ta yi. Likita ta zauna da rimot a cinya. Mai Walda ya zo ba takarda, ba shaida. Ya ja mutuminsa zuwa wani lungu bayan maƙera, inda wata tsohuwa ta gem ke zaune gaban buhunan gawayi.

"Kin ga wannan? Kullum da safe ita ke kawo mini gawayi. Magana ɗaya ta iya, ban ma san me take cewa ba, amma sai ta ɗaga mini hannu. Ga mai burodi can. Ga masu wanki. Wa suka kulle? In kin danna ja, har da su."

Likita ta kalli tsohuwar, tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Kullum kejin nan ta gabansu ake wucewa da su, Baba. Ba wanda ya ce uffan."

"Mai gawayi za ta tare soja mai ƙaho?"

"Ai ba ita na ce ba."

Ya gane da wa take. Ya sunkuyar da kai yana murza tabon ƙuna a bayan hannunsa.

Likita ta juya ta miƙa rimot sama. "Umma, zo ki raba mu. Ke ba ki da gari a ciki."

Umma ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta riƙe shi a juye, aka gyara mata. Ta sa aka ba ta labari tun daga tafki har zuwa keji, tana gyaɗa kai kamar mai jin rikicin 'yan haya.

"Shi sarkin ya nemi afuwa?"

"Ba ya magana sai dariya," in ji Likita.

"Sojojin fa?"

"Sun gudu jiya da dare."

"To ni wa zan yafe wa? Afuwa ai ba ruwan sama ba ce da za ta sauka kan wanda bai fito ba. Duk daular nan ba mai bakin da zai ce ya yi laifi?"

Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta tsayar da ido kan ɗan daula ɗaya tilo da ke cikin falon, sanye da singileti.

Mataki na bakwai: Buɗe baki

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, haka ake cewa. Wanda ya ƙirƙiro maganar bai taɓa durƙusawa a gaban matarsa da 'yarsa da ƙanensa ba.

Mai Walda ya yi gyaran murya. "An samu kuskure."

"Wa ya samo shi?" in ji Umma.

"Daula ta yi…"

"Daula ce ta riƙe guduma?"

Ya kalli maƙerarsa hawa uku, hayaƙi na fita a hankali. Ya kalli ƙofa mai sakata goma sha biyu. Ya kalli yatsan Umma da ke yawo tsakanin ja da shuɗi, ita ko a jikinta, don ba ta san wanne ne wanne ba sai an nuna mata.

"Ni na ƙera kejin. Ban tambaya ba, kuma ya kamata in tambaya. Na yi laifi. A yafe mini."

Baffa ya cire hula. Likita ta toshe baki.

Umma ta ce, "Fankar nan da ƙara. Ban ji ba."

"Na yi laifi, a yafe mini!"

"Likita, ɗauko wayarki."

"Haba, Maman Likita!"

"Shekara ashirin da bakwai, Malam. Ka ƙona mini labule da tartsatsi, ka ce labulen ne ya matso. Ka manta ni a asibiti ka dawo gida ka ci abinci, ka ce ni na yi nisa. Ban taɓa sanin bakinka yana iya haɗa kalmomin nan ba. Ashe sai an kama maƙera. Sake faɗa, a hankali, kana kallon nan."

Ya faɗa. Ya sake faɗa, don na farko hannun Likita na rawa saboda dariya. A na huɗu Umma ta ce a nuna mata shuɗin, ta danna da babban yatsa kamar mai kashe kyankyaso.

Allo ya cika da haske. Sarewa ta tashi, waƙar nan dai. Masu dogayen kunnuwa suka yi ta tsalle a cikin keji suna jiran a buɗe, aka ce maƙerin gari ne zai yanke ƙarfen da hannunsa. Mai Walda ya ɗauki rimot, ido jawur, yana yanka yana gunaguni, yana yanka yana cewa kai, wannan haɗin ko a mafarki. Baffa na rawa da kwalba a ka.

Maƙera ta tsira. Na ce maka hanyar tana aiki.

Ba ruwana

Na yi maka alkawarin daula, kuma ga ta. Abin da ya biyo baya naka ne. In sarkin ja-ido ya sake tara masu ƙaho bayan kwana uku, kada ka neme ni. In hoton ya zaga wayoyin dangi har surukarka ta kira tana kabbara, ban san zancen ba. In kuma ka fasa kofi ran Lahadi, ka buɗe baki za ka ce kofin ne ya zame, ka ga matarka ta tsaya tana jira, hannu a ƙugu, to ka sani ba ni na gaya mata ka iya ba. Kai ka faɗa, sau huɗu, biyu kana kallon waya.